Kalmar "Well" Da Rijiyar Kusugu



Duk ɗan Daura ya san kalmar nan ta Turanci "well", domin idan baƙo ya zo ganin rijiyar da ake cewa Bayajida ya kashe macijiya, "Kusugu Well" muke ce masa. To amma da aka tambayi lafiyarka ka ce "I am well", ai ba rijiya ka zama ba! A bakin Bature kalmomi biyu ne masu asali daban, rubutunsu ne ya zo ɗaya. Haka kuma in ya ja "well..." kafin ya amsa tambaya, "to" ɗinmu ce kawai.

Inda muke tuntuɓe shi ne "well done". Mu kan faɗa wa mai noma yana tsakiyar gona, muna nufin sannu da aiki. Shi kuwa Bature yabo ne, sai an gama aiki ya yi kyau.

Malamai, don Allah a ja kunnen ƙannenmu. A jarrabawar WAEC ana tambayar ma'anar kalma yadda ta zo cikin jimla, kuma yaron da ya haddace ma'ana ɗaya tak daga ƙamus, nan yake zubar da maki.