Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabi Ga Taron Tsofaffin Ɗalibai a Faskari

 

An umurce ni da in yi magana a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke manyan makarantu, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011. Mukan yi fafutukar sama musu gurbi, mu yi karo-karon kuɗin rajista, amma da sun shiga sai mu naɗe hannu. Alhali kuwa da yawa daga waɗanda ake kora, rashin tambaya ne ya kayar da su, ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

A kowane sashe akwai malamin da aka ɗora wa kula da 'yan aji guda, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Shi ke sa hannu a takardar rajistar kwasa-kwasai, yana kuma riƙe da sakamakon kowa. Yawancin yaranmu ba sa zuwa wurinsa sai ranar sa hannu. Kunyar da muka koya musu a gida, ta kada yaro ya tsaya gaban babba yana tambaya, abu ne mai kyau, amma a ofishin kodineta cutarwa take yi.

Bari in kawo misali da lissafi. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama yana da maki 5, mai 60 zuwa 69 yana da 4, wanda ya kasa kai 40 kuwa sifiri ne. A ce yaro ya ɗauki yunit 18 a zango guda, ya ci sittin da wani abu a kowane kwas. Matsakaicin makinsa 4.00 ke nan. To, idan ya faɗi kwas ɗaya tak mai yunit 3, sai ya sauko zuwa 3.33, wato ƙasa da 3.50 da ake nema don digiri mai daraja ta biyu babba. Kuma dole ya maimaita kwas ɗin a shekara mai zuwa, a kan nauyin da ke jiransa. Wanda ya zauna da kodineta tun farkon zango zai san kwas ɗin da ba a ɗauka sai an ci na ƙasa da shi, da wanda zai iya ajiyewa kafin a rufe lokacin sauye-sauye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Ba mu manta da sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, kuma mun san gidajen da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Yaro yakan zo gida, hanya ta hana shi komawa, ko kuɗin makaranta su gagara, sai ya yi shiru ya ƙi zana jarrabawa. Jami'a ba ta san dalilinsa ba, sifiri za ta rubuta masa. Da ya rubuta takardar neman ɗage karatu ta hannun kodineta da shugaban sashe, da an duba uzurinsa.

Saboda haka ina roƙon kowanenmu ya gaya wa nasa abu uku. Ya je wurin kodineta a makon farko, da sakamakonsa da tambayoyinsa a rubuce. Ya karanta littafin dokokin sashensa, ya adana kwafin duk takardar da aka sa masa hannu. In matsala ta taso, ya kai ta kafin jarrabawa.

Ina kuma ba ƙungiya shawara ta tattara sunayen 'yan uwanmu da ke koyarwa a waɗannan makarantu, domin kowane sabon ɗalibi ya sami yayan da zai kama hannunsa ya kai shi ƙofar da ta dace.