Jawabin Shugaba a Ɗakin Karatu: Abin da Ya Faru a Amurka Cikin 2009

Zancen yau a kan makarantun Amurka ne, da wata gardama da ta tashi a can bisa ga ko ya kamata ɗan siyasa ya yi wa yara jawabi a ɗakin karatu.

Ran 8 ga Satumba 2009 Shugaba Barack Obama ya yi wa 'yan makarantar ƙasar jawabi daga makarantar Wakefield a jihar Bajiniya, aka watsa ta talbijin. Tun bai buɗe baki ba ƙura ta tashi. Mafarinta kuwa wata takarda ce da Ma'aikatar Ilmi ta aika wa malamai, wadda a ciki aka ba da shawara yara su rubuta abin da za su yi don su taimaki Shugaba. Iyaye da yawa, musamman masu bin jam'iyyar Rifablikan, suka ce wannan neman goyon baya ne aka lulluɓe da sunan darasi. Ma'aikatar ta soke maganar, ta ce yara su rubuta burinsu na karatu.

Ya kamata a gane a can Shugaban Ƙasa ba shi da iko bisa aji. Makarantu suna hannun hukumomin gunduma sama da 13,000, kusan yadda makarantun elementare suke hannun En'e a nan a da. Saboda haka kowace gunduma ta yanke nata. Waɗansu suka nuna jawabin kai tsaye, waɗansu suka ɗauke shi sai sun duba tukuna, waɗansu suka ƙi sam. Da yawa suka miƙa wa iyaye zaɓi ta hanya biyu, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. A ta fari kowane yaro zai saurara sai wanda aka aiko takarda a fid da shi. A ta biyu ba mai saurara sai wanda aka sa wa hannu. Uban da bai ga takardar ba, ko bai kula ba, shirunsa yarda ne a ta fari, ƙi ne a ta biyu. Watau mai tsara takardar ya riga ya yanke rabin hukuncin. Yaron da aka fid da kuwa akan kai shi wani ɗaki a ba shi wani aiki, abokansa suna kallonsa yana fita.

Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne buga jawabin duka da fadar Shugaba ta yi ana gobe za a yi shi. Da aka karanta sai ga shi nasiha ce kan himma da jure wahalar karatu, har da labarin yadda mahaifiyarsa take tashinsa da ƙarfe huɗu da rabi na asuba a Indunusiya don ta koya masa darasi.

Gardamar ba sabuwa ba ce. Cikin 1991 Shugaba George Bush babba, ɗan Rifablikan, ya yi irin wannan jawabi daga makarantar Alice Deal a Washinton. A wancan karo 'yan Dimokurat ne suka yi kuka, har suka sa aka binciki kuɗin da Ma'aikatar Ilmi ta kashe a kai, masu bincike suka ce ba a keta doka ba.