Maganin Wankin Jini

Yau maganarmu a kan tsimi da jiƙon da ake sha don wankin jini.

Mutum ya ji kasala, ko ƙuraje sun feso masa, sai a ce jininsa ya yi datti, a jiƙa masa sassaƙen maɗaci ko filasko da kanwa. Ya sha, ya wuni yana zawo, a ce ai dattin ne ke fita. To, wannan daga hanji ya fito, ba daga jini ba, kuma ruwan jikinsa ne ke tafiya.

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Ƙoda biyu da hanta ke tace shi dare da rana, jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba kuwa yana iya lalata su.

Sau da yawa mai kasala jininsa ne ya ragu, saboda zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba. In cikinta ya yi fari, kada a ba shi tsimi, kada wanzami ya yi masa ƙaho. Ku kawo shi dispensa, tare da kwalbar abin da ya sha. Mai ciki da jariri kuwa, ko ɗanɗanawa kada su yi.