Komawa Makaranta Bayan An Bari: Wane Fanni, Wane Aiki?



An nemi in yi magana a kan mutumin da ya fara karatun jami'a ya bari, ga shi kuma yana so ya koma. Ba a cika tayar da wannan zance a bainar jama'a ba, domin ana ɗaukarsa abin kunya. Alhali kuwa da wuya a sami wani a cikin wannan zaure wanda ba shi da ƙane ko aboki da ke cikin wannan hali.

Tarihinmu ma bai goyi bayan wannan kunya ba. Malam Sa'adu Zungur shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, bai kuwa kammala ba. Ya dawo ya shiga Makarantar Tsafta ta Kano, daga baya ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, har ya zama malami kuma ɗan gwagwarmayar da muke tunawa da shi yau.

Abin da nake so in jaddada shi ne wannan: kada wanda ya bar karatu ya zaɓi sabon fanni sai ya gaya wa kansa gaskiyar abin da ya fitar da shi. Dalilin fitar shi ne zai nuna ƙofar komawa.

Idan rashin kuɗi ne, fannin ba shi da laifi. Abin dubawa shi ne tsawon tafiya da guzuri. Likitanci shekara 6 ne, aikin lauya da injiniya shekara 5, galibin sauran fannoni shekara 4, ban da yajin aiki irin na 2022 wanda ya ci wata 8. Mai iyali ko ma'aikaci yana iya duba karatun wucin gadi, ko Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo na farar hula. A can mutum yana karatu albashinsa na shigowa.

Idan kuwa faɗuwa ce ta kore shi, to sai ya binciki darussan da suka kayar da shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda lissafi ya kayar a sashen injiniya, in ya gudu zuwa tattalin arziki ko akanta, zai tarar da lissafin yana jiransa a bakin ƙofa. Da yawa daga cikinmu iyaye ne suka zaɓa mana fanni saboda sunan da yake da shi a gari. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma bai saɓa wa ladabi ba ɗa ya kai wa mahaifinsa takardar sakamakonsa, su zauna da wani malami da suka amince da shi, a dubi inda ƙarfinsa yake.

Idan ciwo ne, ko aure, ko rasuwar mai ɗaukar nauyi, to ya fara zuwa tsohon sashensa ya tambayi matsayinsa, ya nemi takardar darussan da ya ci kafin ya yanke shawarar farawa daga tushe. Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu mata.

Bayan haka sai zaɓen aiki. Shawarata ita ce a fara da aikin, sannan a nemo fannin da ke kai wa gare shi. Mai sha'awar aikin jinya ya tambayi ma'aikaciyar jinya yadda kwanan asibiti yake. Mai son koyarwa ya roƙi izini ya tsaya gaban aji na mako guda. Shekarun da mutum ya yi a waje, ko a kanti, ko a gona, ko a ofis, su ma karatu ne. Wanda ya riƙe littafin ciniki shekara 3 ya san ko akanta za ta karɓe shi fiye da yaron da ya fito sakandare jiya.

Ƙofofin kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Akwai IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, da takardar NCE ta shekara 3, da difloma ta shekara 2, waɗanda ke iya kai mutum aji biyu kai tsaye in sakamakonsa ya yi kyau. Ko ta ina za a bi, ana bukatar kiredit 5 har da Turanci, da kuma lissafi a fannonin da ke bukatarsa, galibi a zama ɗaya ko biyu. Wanda nasa bai cika ba, gyaran wannan shi ne aikinsa na farko. A kuma sani cewa wanda ya kammala bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Daga ƙarshe, ina roƙon ƙungiyarmu ta keɓe wasu daga cikin manyan ɗalibai da za su riƙa karɓar masu dawowa, su nuna musu ofisoshin da za su bi da takardun da za su tanada. Zama aji ɗaya da ƙannen baya yana da nauyi, amma Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi.