Daga Aji Ɗaya Ake Fara Lissafi

Shirin yau na ƙannenmu ne na Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo da suka samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato.

To ƙanena, ka sani makin aji ɗaya ba ya gogewa. Abin da ka ci a zangon farko yana cikin CGPA ɗinka har ranar fita. Digiri mai daraja ta ɗaya sai 4.50, ta biyu babba 3.50. Wanda ya yi wasa da shekarar farko, wallahi da wuya ya cike giɓin a aji huɗu.

Sai SIWES. Nan da yawa ke tafka asara: a nemi ofishin da za a sa hannu a littafi, a koma gida a kwanta. Haba! Kai mai karatun noma, ga madatsar ruwan Goronyo, ga shinkafar Wurno, ga albasa da tafarnuwa. Je inda za ka shiga fadama, ka san manoma da dillalai, su ma su san ka.

Ƙanwata mai karatun koyarwa, ki sa rajistar TRCN a lissafinki tun yanzu.

Ku kuma lura da shekaru. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas.

Mako mai zuwa, maganar furojet.