Gwajin Cututtukan Jima'i Ta Hanyar Intanet: Jawabi Ga Jama'ar Sabo

  Maganar yau mai nauyin baki ce, sai ku gafarce ni.

Jama'a, kun san yadda zaman Sabo yake. Kowa ya san kowa. Mutum ya ji zafi wajen fitsari, ko ya ga farin ruwa na fita, in ya tafi asibiti sai ya nemi tafinta, tafintan kuwa maƙwabcinsa ne. To wa zai buɗe cikinsa a haka? Shi ya sa sai a lallaɓa kemis a sayi kafso guda huɗu, ko a tsaya wajen mai lasifika a tasha. Zafin ya lafa, ciwon yana nan. Irin wannan shan magani rabi da rabi yana cikin abin da ya sa ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magunguna da dama, har ta kai yanzu allura likitoci suka fi dogara da ita.

To ga wata hanya da ta fito. A Landan, tun wajen 2015, mutum kan shiga shafin intanet ya amsa tambayoyi, a aiko masa da ɗan kwali ta gidan waya, babu wani rubutu a bayansa da zai tona asiri. Shi da kansa zai soki yatsa ya ɗiga jini a 'yar kwalba, ya zuba fitsari a wata, mace kuma ta shafo ruwan gaba da ɗan tsinken auduga. A mayar, cikin 'yan kwanaki sakamako ya zo ta waya: ƙanjamau, tunjere, ciwon sanyi da kilamidiya. Mu nan gidan waya ba zai ɗauke mana wannan ba. Abin da ake yi a Legas da Ibadan shi ne, ka nemi ɗakin gwaji ta shafinsu ko ta WhatsApp, ka biya, su turo ma'aikaci ya ɗebi jini, sakamako ya same ka a waya.

Akwai kuma gwajin ƙanjamau da mutum ke yi wa kansa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016. Wani irinsa, OraQuick, dasashi kawai ake gogawa, a jira minti 20. Amma ku saurara da kyau, don nan ake yin kuskure. Layi biyu ba hukunci ba ne, sai an je asibiti an sake tabbatarwa. Layi ɗaya kuma ba shi ne an kuɓuta ba, in abin bai daɗe da faruwa ba, domin irin wannan gwaji yana iya ɗaukar wata 3 kafin ya gano cutar. Sa'an nan ƙanjamau kaɗai yake dubawa, bai san tunjere ba, bai san ciwon hanta ba. Wanda kuma aka yi wa fyaɗe, ko yake tsoron ya ɗauka a daren jiya, kada ya zauna jiran kwali. Akwai maganin rigakafi, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Kafin ka biya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Ɗakin gwajin da ba shi da adireshin da za ka taka da ƙafarka, rabu da shi. Kuma ka tuna wayar wa ka ba da lambarta. Da yawanmu yara ne ke karanta mana saƙo.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan sakamako. Waya ba ta yin allura. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙanjamau a Nijeriya, maganin rage ƙarfinta kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma dokar 2014 ta hana a kori mutum daga aiki saboda ita. Direbobinmu da fataken goro da na shanu, masu iyali nan da kuma Arewa, da ku nake. In an ce ciwon sanyi ne ko tunjere, ba kai kaɗai za a yi wa magani ba, har uwargida da amarya, lokaci guda, in ba haka ba ciwon zai yi ta zagaya gidan. Mata da yawa ba sa jin alamar komai, sai dai a ga haihuwa ta tsaya, ko tunjere ya sa ana ta ɓari da haihuwar gawa, a ce iska ce, alhali allurar fenisilin na maganinsa.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Malamai, ku da ke ɗaura aure a nan, ina roƙo ku riƙa neman takardar asibiti mai hatimi, ba hoton sakamako a waya ba. Masu tambaya a asirce su same ni bayan la'asar. Iyaye mata kuma an tanadar musu ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa.