Adalcin Maigida A Wurin Aiki Bai Tsaya Kan 'Yan Garinsu Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya gabatar wa 'yan uwa matasa a Gusau, a kan yadda shugaba zai riƙe waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa.

Malam ya fara da tunatar da 'yan uwa cewa Gusau gari ne da baƙi suka taya ginawa. Ya ce tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa garin, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Yarabawa da Ibo suka shigo neman abinci, aka cuɗu a cinikin gyaɗa da auduga, daga baya kuma a masaƙar Gusau.

Ya ci gaba da cewa a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, aka kafa hukumar raba daidai ta tarayya don kada wani yanki ya mamaye ayyukan gwamnati. Amma, in ji shi, doka tana raba kujeru ne kawai, ba ta koya wa shugaba iya zama da mutane.

Daga nan sai Malam ya kawo abubuwa huɗu da ke kan kowane maigida, ko manajan ofis ne ko mai garejin kanikanci. Na farko, ya saurari ƙaramin ma'aikaci har ya kai aya. Na biyu, in zai yi gyara ya ja mutum gefe, kada ya tozarta shi gaban jama'a. Na uku, a yi taro da harshen da kowa ke ji. Na huɗu, ƙarin girma ya bi ƙwazo, ba "ɗan garinmu ne" ba.

Malam ya yi nuni da cewa ta'addancin 'yan bindigar daji da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bungudu ya jefa zargi tsakanin Hausawa da Fulani, har zargin ya shigo wuraren sana'a. Ya ce zalunci ne a kori yaro Bafulatani daga koyon aiki, ko a bari abokan aiki su riƙa yi masa habaici, saboda laifin da bai aikata ba. Yaron da aka rufe wa ƙofar sana'a, ina ake so ya nufa?

Ya ƙarƙare da jan hankalin 'yan uwa cewa yawancinsu yau yaran shago ne, gobe su ne iyayen gida, don haka su fara koyon adalci tun yanzu.